Yafiyar da Aka Naɗa a Kaset

A kasuwar shanu ta Mai'aduwa, in gardama ta kaure a kan shekarun sa, Badaru ake aikawa a kira. Ba ya wani dogon bincike. Zai zagaya dabbar sau ɗaya, ya danna ƙugunta da tafin hannu, sannan ya damƙi haɓarta da hagu, ya ɗaga leɓe da babban yatsa, ya leƙa haƙori. Daga nan sai ya faɗi shekaru, ya faɗi kuɗi, kuma ko Bafulatanin da ya yi kiwonta tun tana maraƙa ba ya ja da shi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to na Badaru ya fi mudun ma faɗin gaskiya. Da idon nan ya yi shekara ashirin yana dillanci. Da shi ya gina ɗakuna uku a Sandamu, ya riƙe matarsa Kulu da 'ya'ya huɗu, har yakan auna wa yayansa Jafaru gero in damina ta yi gardama. Shi kuwa Jafaru, kusan kowace damina gardama take yi masa.

Sai ga shekarun da kuɗin man fetur suka malalo ƙasar nan. Wanda ka sani jiya da keke, yau ka gan shi da babur, gobe ka ji an ce ya tafi Makka. Cikin waɗanda ruwan ya kwaso ya ɗora bisa tudu har da Mainasara, mutumin Daura, wanda kowa ya san shi yana auna kananzir da kwalba a bakin tasha. Ya sami kwangilar gina azuzuwan firamare a ƙauyuka, irin ginin nan da ke tsagewa tun kafin yara su shiga. Cikin shekara biyu ya zama Alhaji, ya ajiye tumbi, ya sayi mota Fijo fara ƙal. Kwana tara ya yi yana koyon tuƙi a filin ƙwallo, lasin kuwa har gida aka kai masa. Amma duk cikin kayansa ba abin da yake ji da shi kamar wata rediyo mai kaset da ya sawo a Jidda. Duk inda za shi tana hammatarsa. Yakan naɗi muryarsa yana yi wa leburori faɗa, in ya koma gida ya kunna ya saurara yana gyaɗa kai.

Wata Lahadi da hantsi Badaru na tsaye bakin titi yana jiran motar kasuwa, sai Fijon nan ta ci birki a gabansa. Alhaji Mainasara ya leƙo ya ce bijimi yake nema wanda zai yanka ranar tarewa a sabon gidansa, kuma an ce masa ba wanda ya kai Badaru ido. A faɗi gaskiya, Badaru ya ji daɗi. Bai taɓa zama a gaban ƙaramar mota ba. Sai da ya kakkaɓe takalmansa sannan ya shiga, ya zauna a ɗofane kamar wanda ya je gaida surukai.

Sun wuce Daura ke nan sun kama hanyar Mai'aduwa, mota na tsala gudu, kaset ya ƙare. Alhaji ya saki sitiyari ya sunkuya yana juya shi. Can gaba wata babbar mota ce ta lalace, an zuba ganye a titi yadda aka saba don masu zuwa su rage gudu. Badaru ya hango ganyen.

Ya ce, "Alhaji, ganye!"

Alhaji ya ce, "Bari in sa maka wannan ka ji."

Abin da Badaru ya gani na ƙarshe a duniya shi ne ɗan yatsan Alhaji mai zoben azurfa yana laluben maɓalli. Gilashin gaba ya tarwatse a fuskarsa. Alhaji ya fito da 'yar ƙujewa a goshi wadda ko filasta ba ta ci ba. Rediyo kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Aka wuce da Badaru wani asibiti a Kano, aka yi masa aiki, aka naɗe masa kai da bandeji tun daga goshi har karan hanci. Jafaru ne ya zauna jinya, don Kulu na da goyo. Likitan ba ya jin Hausa. In ya gama dubawa sai ya ja Jafaru waje tare da wani ma'aikaci mai yi masa tafinta. Kullum in Jafaru ya dawo Badaru zai ce, "Yaya, me ya ce?" Kullum kuma amsar ɗaya ce: "Ya ce a yi haƙuri, in an kwance za a gani." Badaru ya riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Har yana cewa in Allah ya sa an sallame shi da wuri, zai riski cinikin ragunan layya.

A rana ta biyar, bayan la'asar, ya ji ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Alhaji Mainasara ne ya zo dubiya, shi da mutum biyu, da kwandon lemo da gwangwanayen madara. Ya durƙusa gaban gado, ya kama hannun Badaru da hannayensa masu gumi, ya fashe da kuka. Ya ce tun ranar bai runtsa ba, abinci ma ba ya wuce masa maƙogwaro.

Ya ce, "Malam Badaru, don girman Allah ka yafe mani."

To, duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san amsar wannan magana tun kafin ya iya alwala. Babban mutum ya durƙusa maka a gaban jama'a yana hawaye, ya haɗa ka da Allah, ba ɗan halas ɗin da zai ce masa tsaya tukuna in ga abin da ya same ni. Bakinka ma ba ya jiran shawararka. Ga shi kuma Alhaji ne ke biyan kuɗin gado. Kunya ta lulluɓe Badaru sai ka ce shi ne ya yi laifin.

Ya ce, "Haba Alhaji, tashi don Allah. Wane ni? Ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Na yafe."

Jafaru ya matso ya ce, "Cika ladanka, Badaru. Kama sunansa. Ka ce duniya da lahira, ko me ya biyo baya."

"Na yafe wa Alhaji Mainasara duniya da lahira, ko me ya biyo baya."

Aka shafa fatiha. Cikin amin-amin ɗin nan Badaru ya ji wani ɗan sauti, ƙas, kusa da matashinsa. Ya ɗauka carbin wani ne ya bugi ƙarfen gado.

Bayan kwana uku aka zo kwance bandeji. Ya ji ana warwarewa, ya ji iska ta taɓa fatar idonsa, ya yi ta jira. Da ya ji shirun ya yi yawa sai ya ce, "To, a ƙarasa kwancewa mana." Tafintan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, ai an gama."

Ba sai an ba da labarin kukan da aka sha a Sandamu ba. Abin da ya fi makantar ci wa Badaru rai shi ne yadda mutane suka sake masa murya. Waɗanda da suke zolayarsa suna ce masa macucin Fulani, yanzu in sun zo sai su ja "sannu" a hankali kamar masu ta'aziyya, wasu kuma su riƙa yi masa ihu sai ka ce kunnen ne ya mutu. Tunkiya ta tafi kasuwa, akuya ta bi ta, keke ya bi su. Kulu ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun safe yana jin ta tana fama da turmi.

Wata uku da dawowarsa wani dattijo makaho ya yi sallama, ya ce Sarkin Makafi ne ya aiko shi daga Daura ya yi masa jaje, ya kuma yi masa maraba. Mutumin kirki ne, ba wulaƙanci ya kawo ba. Cikin ladabi ya bayyana masa yadda tsarin yake. An ware masa wuri a bakin tasha duk Laraba, da ƙofar masallaci ranar Juma'a, kuma za a haɗa shi da wanda zai koya masa waƙar bara, don a wannan hanya murya ce jari. Badaru ya yi godiya, ya sa aka dama wa baƙo fura. Baƙon na fita Badaru ya lallaɓa bayan ɗaki ya amayar da abin da ke cikinsa. Tashar nan fa ita ce inda yake sauka da babbar riga, mahauta na rige-rigen gaishe shi. Ya rantse a ransa ko ƙasa zai ci ba zai miƙa hannu a wurin ba.

Malam Ɗantsoho, limamin unguwarsu, shi ya nuna masa ƙofa. Tsoho ne mai ƙaramar murya, amma ya san littafi.

Ya ce, "Badaru, shari'a ba ta bar ka haka ba. Ido biyu diyyarsu cikakkiya ce, daidai da ta rai, ko da kuskure ne. Haƙƙinka ne, ba roƙo ba ne."

"Ai na riga na ce na yafe, Malam."

"Ciwo ka yafe, kana zaton za ka warke. Wanda bai san abin da ya rasa ba, me ya yafe?"

Ran nan Badaru ya ci tuwo har da neman ƙari. Kafin ya wanke hannu ya gama tsara komai. 'Yan maruƙa zai saya da kuɗin diyyar ya turke a bayan gida, ya riƙa ba su harawa da dusa, in sun yi ƙiba ya sayar ya sake wasu. Ido ya tafi amma hannu bai manta ba, ya san ƙugu, ya san haƙori. Shi ba arziki yake nema ba. So yake 'ya'yansa su tashi ba a nuna su ana cewa ga 'ya'yan mabaraci ba.

Da farko ta lalama suka bi. Malam Ɗantsoho ya riƙe masa sanda har gidan Alhaji a Daura. Aka zaunar da su a zaure cikin maroƙa da 'yan maula tun hantsi har azahar. Da Alhaji ya fito ko zama bai yi ba. Ya ji abin da ya kawo su, ya ce, "Ikon Allah! Ashe yafiya ma tana tsufa ta mutu?" Sannan ya cusa wa Badaru wata takardar kuɗi a hannu, a jiƙe da gumin aljihu, ya ce ya riƙa zuwa duk Juma'a, ba za a hana shi ba. Badaru ya buɗe hannu ya bar ta ta faɗi. Yana ji maroƙan na turereniya a kanta kusa da ƙafarsa.

Da Jafaru ya ji za a kai ƙara sai ga shi afujajan.

"Kai yanzu mutumin da ya biya maka asibiti za ka kai gaban alƙali? Me za a ce da gidanmu? Mu ba a san mu da butulci ba."

"Yaya, idona biyu fa."

"Allah ya ba ka, shi ya karɓi abinsa."

"Ba Allah ne ya saki sitiyari ba."

Jafaru ya yi ta salati yana tafa hannu, ya fita yana cewa makanta ta fara taɓa wa ƙanensa imani.

Ranar shari'a kotu ta cika maƙil, don labari ya bazu cewa makaho ya kai Alhaji ƙara. Alƙalin dattijo ne, ya saurari Badaru har ya gama bai katse shi ba. Ya juya ga Alhaji. Alhaji bai musa komai ba. Ya ce shi ke tuƙi, kuma gaskiya ne ya sunkuya. "Sai dai, Allah ya gafarta malam, an yafe mani, kuma na zo da shaida." Badaru ya ji an dire wani abu mai nauyi a kan tebur. Sai ya ji ƙas.

Nan take ya gane sautin. Ashe ba carbi ba ne.

"Haba Alhaji, tashi don Allah. Wane ni?"

Badaru bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. Ashe haka take? Siririya, tana rawa, tana lanƙwasa kamar ta mai neman alfarma. Har da wata 'yar dariyar jin kunya a ciki, wadda shi bai ma san ya yi ba. Da mai muryar nan a gabansa yake da ya tofa masa yawu. Kukan Alhaji ma ya fito tsaf, har da jan majina. Wato duk hawayen nan da ya riƙa ɗiga a bayan hannun Badaru, mai su yana sane da cewa kaset na juyawa a hannun ɗaya daga cikin mutanensa.

Su kuwa jama'a ba shari'ar ce ta dame su ba. Wani ya ce, "Kai! Wallahi muryarsa ce sak!" Wani ya ce Bature bai bar komai ba sai busa rai. Wani daga baya ya roƙi a maimaita, bai ji farkon ba. Aka kuwa maimaita.

Alƙali ya tsawatar, kotu ta yi tsit. Ya ce, "Badaru, muryarka ce?"

"Tawa ce, Allah ya gafarta malam. Amma lokacin ban san ido ya tafi ba. Kullum ce mani ake in an kwance za a gani."

Alƙali ya ce wannan magana ce mai nauyi. In har bai sani ba, to da sauran zance. "Wa ya yi jinyarka?"

"Yayana Jafaru, uwa ɗaya uba ɗaya. A tambaye shi."

Da ƙarfin gwiwa ya faɗa, har yana juya fuska wajen da yake zaton ɗan'uwan yake. Jafaru ya taso. Badaru ya san takunsa, amma ya ji wani abu da bai saba ji tare da takun ba, ƙarar sabuwar shadda da ba ta taɓa ganin ruwa ba. Da ya wuce ta gabansa kuma sai ya ji ƙamshin turaren nan na asibiti.

Alƙali ya ce, "Jafaru, yaushe likita ya gaya maka idon ba zai tashi ba?"

"Tun washegarin aiki, Allah ya gafarta malam."

Wato kwana uku kafin Alhaji ya zo dubiya. Kwana uku Jafaru na ba shi koko a baki yana ce masa in an kwance za a gani.

"Ka gaya wa ɗan'uwanka?"

Jafaru ya yi gyaran murya. "Na gaya masa. Ai shi ya sa ma aka ce ko me ya biyo baya."

Mutum biyun da suka raka Alhaji dubiya suka tashi suka ce ƙwarai, a gabansu ma an maimaita masa kafin a kunna rediyo. Ba Alhaji ne ya tsaya wa Badaru a rai ba. Alhaji bare ne, ya yi abin da irinsa ke yi. Amma wannan da suka sha nono ɗaya, wannan da ya ci geronsa damina bayan damina!

Alƙali ya ce, "Badaru, ni da zahiri nake hukunci. Ga muryarka, ga shaidu uku, ɗaya ɗan'uwanka ne da kai da bakinka ka ce a tambaya. Magana zarar bunu ce. Abin da aka ɓoye kuwa akwai ranar da za a tone shi, amma ba a wannan ɗakin ba." Ya kori ƙara. A bakin ƙofa Alhaji Mainasara ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce shi bai riƙe Badaru a zuci ba ko kaɗan, ya yafe masa.

Ba a yi wata biyu ba Kulu ta dawo daga gidan suna ta ce an ga Jafaru a Daura wurin mai hoto, an kuma yi masa allura. A shekarun nan ba wanda bai san ma'anar hoto da allura ba, kujerar Makka ce ta samu. Jafarun da bai taɓa cika rumbu ba, bai sayar da gona ba, bai sayar da ko kaza ba. Duk Sandamu an san wanda ya biya. Duk Sandamu kuma aka yi ɗango zuwa rakiya, kowa na cewa a sa shi a addu'a. Nan abin ƙyamar yake, ba wanda bai sani ba, ba kuma wanda ya fasa miƙa masa hannu.

Shi kuwa Badaru ya koma tufkar igiya. Yakan zauna a ƙofar gida da rama a cinya yana murzawa, abokan dillancinsa na da su saya don tausayi su ɗaure shanun da a da shi ke yi musu kuɗi. Amma igiya ba ta ciyar da baki shida. Gyaɗa ta yi tsada, jarin Kulu ya karye. Wata rana da azahar ya ji babbar 'yarsa Lami tana kankare ƙanzon tukunya tana raba wa ƙannenta, tana ce musu su ci a hankali kada Baba ya ji. Ya ajiye igiyar. Da Malam Ɗantsoho ya zo wucewa masallaci ya kira shi, ya roƙe shi in ya shiga Daura ya gaya wa dattijon nan na Sarkin Makafi ya biyo masa Larabar da ke bayan saukar alhazai. Malam ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

Alhazai suka sauka. Kulu ta leƙa gidan Jafaru don kada a ce, ta dawo wurin mijinta tana huci.

"Ya sa haƙori, Malam. Na zinariya, a sama gefen dama. Ko mutuwa aka gaya masa sai ya yi murmushi don a gani."

Ranar Talata da hantsi Badaru ya ce, "Kulu, ɗauko mani rigata ta kasuwa."

"Ina za ka?"

"Yayana ya dawo daga ɗakin Allah. Ƙane ba ya zuwa sannu da zuwa?"

Gida uku ne tsakani, ya bi katanga da sandarsa. Tun daga nesa yake jin zauren a cike. Ana raba dabino, ana zagayawa da zamzam a ɗan ƙaramin kofi, Alhaji Jafaru na ba da labarin jirgi, yadda ake kawo wa mutum abinci a sararin sama. Badaru ya yi sallama. Zauren ya yi shiru kamar ruwa ya cinye su.

Jafaru ya yi maza ya cike shirun. "A'a, ƙanena! Shigo, shigo, ku ba shi wuri. Wallahi na kama sunanka a gaban Ka'aba, sau uku. Ga tsarabarka ma na ware." Ya ɗora masa wani abu a tafin hannu. "Baƙin tabarau ne, mai kyau. Ka riƙa sawa kana rufe wurin, ka san yara da tsoro."

Badaru ya shafa tabarau ɗin, ya ajiye a kan tabarma a hankali.

Ya ce, "Na gode, Yaya. Allah ya sa karɓaɓɓe ne. An ce ka sa haƙori, kowa ya gani ban da ni. Matso in gani da irin nawa ganin."

Aka yi dariya, irin ta mutanen da suka zaci faɗa sai suka ga wasa. Jafaru ma ya yi dariya ya matso da fuskarsa. Hagun Badaru ta tashi ta damƙi haɓarsa.

Damƙar shekara ashirin ce, wadda bijimi ma ba ya fizgewa. Jafaru ya so ya ce wani abu, sai gurnani ya fito. Babban yatsa ya ɗaga leɓen sama, ya bi dasashi, ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ga giɓi, ga mai girgiɗa, ga dattin goro da ɓawon dabino, ga yawu mai yauƙi yana bin yatsan har wuyan hannu. Numfashin mai ɗumi na bugun fuskar Badaru, amma bai saki ba. Can gefen dama ya same shi, sumul, ya fi sauran santsi. Ya shafa shi sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa da farce. Ɗan abu ne bai kai ƙwayar masara ba.

Sai ya ɗaga murya, tsohuwar muryarsa ta kasuwa wadda ake ji daga wannan turke zuwa wancan, ba irin ta cikin kaset ba.

"Jama'a ku shaida. Shekara hamsin da biyu. Baki ya fara ruɓewa, ga wari. An saye shi ido biyu." Ya ture haɓar gefe yadda yake yi in ya gama duba dabbar da ba ta yi masa ba. "Shekara ashirin ina dillanci, ban taɓa jin an sayi abin banza da tsada haka ba."

Wani tsoho can lungu ya ce subhanallahi a hankali, shi ke nan. Badaru ya laluba sandarsa ya miƙe, ya bar tabarau a inda yake. Ya bi katanga ya koma gida, hannun hagu a miƙe nesa da rigarsa.

"Kulu, kawo buta."

Ta zuba masa, ya wanke. Ya ce ta ɗebo ƙasa. Ta tsaya tana kallonsa, don ta san ƙwaryar da kare ya lasa ake yi wa haka. Ta ɗebo. Ya cuɗa yatsan da ƙasa har fatar ta yi zafi, ta zuba ruwa, ya sake, har sau bakwai. Ya kai yatsan hanci ya sunsuna, ya ce ta ƙara ruwa.

Da ya gama ya tuɓe rigar kasuwar ya miƙa mata.

Ya ce, "Ninke ta ki sa can ƙasan adaka. Ki nemo mani tsohuwar nan mai faci. Gobe Laraba, da sassafe mutumin zai biyo mani."